Yadda Na Sa Leɓena Golmo

Ba zan taɓa mantawa da ƙarshen daminar da na sa leɓena aikin golmo ba. Na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen Zuru ne ba su ba ni haɗin kai ba. Har yau in na je gida hutu, akwai wata tsohuwa a layinmu da ba ta gaishe ni sai da "ɗan Saje mai kuka". Furfura ta fara leƙo mini a gemu, ina koyar da 'ya'yan mutane, ana ce mini malam, amma a wurinta har yanzu ban gama share hawaye ba.

Lokacin ina aji biyar a sakandare, a farkon shekarun dubu biyu, sa'ad da wayar hannu ta shigo gari amma ba ta shiga aljihun kowa ba tukuna. Babana soja ne. A Zuru wannan ba abin taƙama ba ne, don in ka faɗa sai a ce maka to baban wa ne ba soja ba? Abin da ya bambanta nawa shi ne na fi sanin hotonsa da shi kansa. Hoton yana rataye a saman rediyo, hula a karkace, ido a kan wani abu da ke bayan mai ɗaukar hoto. Ina ƙarami yana barikin Legas, na ɗan tasa aka mai da shi Fatakwal, ina shiga sakandare aka tura su Saliyo aikin kwantar da tarzoma. Abin da na riƙe nasa bai wuce ƙamshin man goge takalmi ba, da wani fito da yake yi in yana aski. Akwai safiyar da nakan tsaya gaban madubi in gwada fiton, ban taɓa samun sa daidai ba.

Ina jin wannan ne ya kai ni cikin 'yan badujalar makaranta. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba: ganguna da aka sha ɗinke wa fata, da begila uku, ɗaya ta lanƙwashe kamar an taɓa yin dambe da ita. Mai koya mana wani tsohon soja ne, Samanja Bawa, wanda ya yi rayuwarsa yana busa wa sojoji begila kafin ya yi ritaya. Yakan zo a kan keke da yamma, ya jingine shi jikin dalbejiya, ya kira kowannenmu da suna ɗaya.

"Kurtu, mi na ce maka? Busa kaɗan, huta kaɗan. Leɓe nama ne, ba ƙarfe ba. Je ka sha ruwa."

Kafin ya bar mu mu taɓa begila sai mun ɓata lokaci muna karkaɗa leɓɓa kamar dawakai, sannan mu yi dogon sauti a hankali, sannan mu zauna. Zaman nan ya fi komai ba mu haushi. Mun yanke hukunci a tsakaninmu cewa tsufa ne ya kama shi, yana neman abokan hutu.

Amma in ya ɗaga begila da kansa, har masu tallan gyaɗa a bakin ƙofa sai sun yi shiru. Kuma a leɓensa na sama akwai wani tabo fari, zagayayye, daidai inda bakin begila ke zama. Abokina Ishaya, wanda muke busa tare, shi ya fara yi mini bayaninsa a kimiyyance.

"Ka ga wancan? Kanta ce. Nan sirrin yake. Duk wannan huta kaɗan da yake faɗa, so yake kada mu kamo shi."

(Ishaya yana da baiwar faɗin abin da bai sani ba da muryar wanda ya rubuta littafin. Yanzu yana siyasa.)

Ana cikin haka wata rana aka aiko daga wurin mai waya, wanda ke zama ƙarƙashin lema a bakin kasuwa, cewa Mama ta zo Saje zai kira. Na raka ta. Ta yi ta ɗaga murya tana maimaita magana ɗaya sau uku, "Na ce muna lafiya. Lafiya. Mu-na-la-fi-ya," mai waya yana cewa sabis ne ba kyau. Da ta ajiye sai ta gyara ɗankwali, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Babanka ya sami hutu. Zai iso kafin bikin 'yancin kai."

A bikin kuwa makarantu ke yin maci a filin gari, kuma makarantarmu ce ke ba da mai busa kiran gaisuwa, wato ɗan gajeren busan da ake yi in ciyaman ya hau dandamali, kowa ya ƙame, kafin a ɗauki taken ƙasa. Mutum ɗaya ke yin sa, filin duka yana saurare. Samanja ya dube ni ya dubi Ishaya, ya ce, "Ɗan Saje zai busa. Kai kuma ka tsaya bayansa." Ban san ko iskata ce ta fi ba, ko labarin hutun ne ya kai kunnensa. Ni dai na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Mutumin nan na cikin hoto zai zauna, ya ji ni, sau ɗaya. Na ƙudura cewa abin da zai ji sai ya koma da shi har Saliyo.

To ga inda karatu ya cuce ni. A wannan shekarar yayana Danjuma, ɗan wan babana, yana cikin golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Gonar surukansa tana wajen Manga. In ya dawo yakan baje tafin hannunsa a gabanmu kamar takardar shaida. Hannun ya yi kanta har yana ɗaukar garwashi ya kai wa Kaka ta kunna lofe, fuskarsa ko gezau. A wurinmu ba a tambayar namiji ko ya iya, hannunsa ake dubawa. Sai na jera hujjojina yadda ake jera su a darasin lissafi. Kanta a hannu ita ce manomi. Kanta a leɓe ita ce mai begila. Samanja ya tara tasa a shekara talatin domin yana hutawa. Saboda haka wanda bai huta ba zai tara ta a wata guda. Na duba lissafin nan gaba da baya ban ga kuskure ba.

Na fara aiki. Da an tashi makaranta sai in aro lanƙwasasshiyar begilar, in haye duwatsun bayan gidanmu, in yi ta busa ba karkaɗa leɓe, ba zama, ba ruwa, ina danna ƙarfen a bakina da ƙarfin da ake danna garma. Akwai wani Bafulatani da ke kiwo a gindin dutsen. Kwana biyu ya jure, rana ta uku ya ɗago kai ya ce, "Samari, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau. Ya kaɗa shanunsa ya koma wani kwari.

Bakin begila ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da ake cirewa, sai na riƙa yawo da shi a aljihu. A aji in rufe shi da hankici in danna a leɓe, malamin tarihi yana ta fama da daulolin da suka shuɗe, ni ina gina tawa. Da na ga kantar ta ƙi fitowa, na tambayi Danjuma abin da suke yi in hannu ya yi bororo. Ya ce toka da gishiri. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban ga amfanin faɗa ba.

Leɓen ya fara da ja, ya koma zafi, sannan ya tsage daga ciki, inda ba mai gani. Na ɗauki wannan a matsayin ci gaba. Sautina ya fara shaƙewa, Samanja ya ji, ya karɓe begilar daga hannuna.

"Kurtu, ka gaji. Kada ka sake taɓa ta sai ranar. Ka ji mi na ce?"

Na ce na ji. Na kuwa ji. Lanƙwasasshiyar tana ɓoye cikin rumbunmu tun makon da ya wuce.

Baba ya iso ana gobe biki. Ya fi hoton ƙanƙanta, wannan ne abin da na fara lura da shi, kuma ya rame. Na shirya jawabi tun da daɗewa, amma da ya sauko daga mota sai na ƙame na sara masa kamar wawa. Ya yi dariya, ya kama hannuna, ya ce, "Ka yi tsawo." Na tura leɓena ciki na gyaɗa kai. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ni ina raɓe jikin ƙofa ina kallon yadda yake karkata kai gefe guda in ana masa magana. Na ɗauka salon sojojin da suka je ƙasar waje ne. Har na fara gwadawa.

Da safe na duba madubi. Leɓena na sama ya kumbura ya yi sumul kamar ƙosai ya fito daga mai. Ko ruwa ya taɓa shi sai na ji har ƙeya. Mai hankali zai tafi wurin Samanja ya ce a ba Ishaya. Ni kuwa na tafi kan tagar Mama, inda take ajiye ɗan gwangwanin man zafi, wanda a gidanmu shi ne maganin mura, ciwon kai, targaɗe da baƙin ciki. Na lafta a leɓe. Zafin ya tashi, ya kai ƙololuwa, sannan ya ɗauke ɗif. Na ce madalla da kimiyya. Don kada aikin maganin ya ƙare a tsakiyar fili, na ƙara lakato wani na cusa cikin ƙoƙon bakin begilar, ajiya saboda gaba. Ruwa kuma na ƙi sha, don na taɓa jin cewa soja ba ya neman bayan gida a fareti.

Fili ya cika. 'Yan firamare da fararen safa, 'yan sakandare, matan zumuntar coci da anko, masu sayar da rake da ruwan leda. Ciyaman ya makara kamar yadda muƙaminsa ya tanada, muka yi ta gasuwa a rana, begilar tana ɗaukar zafi a hannuna. A rumfar manya, layi na biyu, ga Baba cikin kaki, hula a karkace daidai yadda take a hoto. Ban taɓa ganin hoton ya yi numfashi ba sai ran nan.

Ciyaman ya iso, ya hau dandamali, ya dafa ƙirji. Ganguna suka tsaya. Samanja ya ɗaga sanda ya nuna ni. Na yi taku gaba, na ɗaga begila yadda aka koya mini, gwiwar hannu a sama, na ja numfashi mai zurfi.

Man da na ajiye saboda gaba ya narke a rana, yana jira na. Tururinsa ya bi ta hanci ya haye ido ya leƙa ƙwaƙwalwa. Na nemi leɓena in haɗa shi da ƙarfen, na rasa inda yake. Na san yana nan, don na gan shi da safe, amma ba ya amsa kira. Na dai hura.

Abin da ya fito iska ce zalla, irin ta tayar keke in ta taka ƙaya. Filin nan tsit, har ana jin tutar tana kaɗawa. Na sake jan numfashi, na sake shan tururi, na hura da dukan abin da na tara a duwatsu. Wannan karon sauti ya fito. Na sha karanta yadda marubuta ke kwatanta muryar kakaki da ta zaki. Tawa ta ɗan akuya ce da aka taka wa wutsiya, ta fara da ƙarfi, ta karye a tsakiya, ta ƙare da alamar tambaya.

Wani ɗan firamare ya fara dariya, layinsu ya ɗauka. Ciyaman yana nan dafe da ƙirji, yana waige da ido kaɗai. Ni kuwa hawaye sun ɓalle, ba na ɗigo ba, na kwarara, ga hanci ya shiga layi, ga miyau yana bin leɓen da ban san yana buɗe ba. Sai na ji muryar wata daga cikin matan zumunta, a sarari, cikin tausayi:

"Ayya, yaron Saje ne. Ubansa ya gani."

Nan take dariyar ta koma "ayya" daga wannan gefe zuwa wancan. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Daga bayana Ishaya ya ɗaga tasa begilar ya busa kiran, tsaf, ba ko gargada, da leɓen da ya kwana yana hutawa. Aka yi taken ƙasa. Aka fara maci. Kuma ka san in an zo gaban rumfa dole kowa ya juya fuska dama. Haka na wuce gaban babana, ƙafa tana dukan ƙasa daidai, fuska a jiƙe sharkaf, na kalle shi ido cikin ido domin doka ta ce in kalla.

Da aka watse Samanja ya ja ni bayan rumfa. Ya karɓi begilar, ya shinshina, ya kawar da kai.

"Kurtu, begilar ce ke mura?"

Ya kama haɓata ya ɗaga leɓen, ya ga tsagar, ya daina wasa. Ya tambaye ni abin da na yi, na faɗa masa duka, da duwatsun da tokar da gishirin, da bakin da ba ya furta rabin haruffa. Na ƙare da nuna tabonsa, na ce irinsa nake nema. Ya shafa wurin da yatsa kamar mai tuno tsohon aboki.

"Wannan? Keke ya kayar da ni a gangaren Mahuta, ina saurayi, na ɗauko buhun dawa. Shekara guda ban iya busa ba saboda shi."

Na waiga in ga Ishaya. Ya riga ya tuna cewa ana nemansa a gida.

Baba yana jira na a bakin fili. Ya saya mini ruwan leda biyu, ya tsaya har na shanye, rabi yana zuba a riga. Muka kama hanya a ƙasa, shi gaba kaɗan. Na jira faɗa, ko ba'a, ko jawabin yadda namiji ke jurewa. Sai da muka kusa gida ya ce, "Tsayuwarka ta yi kyau. Kafaɗa a miƙe." Na ɗauka kara ce yake yi mini, abin ya ƙara ƙona ni.

Da yamma ina bayan ɗaki na ji yana tambayar Mama, da ƙarfi kamar yadda yake magana tun da ya dawo, "Ya busa da kyau? Na ga ya ɗaga, amma daga inda nake ban samu ba." Mama ta ɗaga murya ta ce, "Ya busa irin tasa." Daga baya ta faɗa mini cewa ƙarar manyan bindigogi ta cinye masa kunnen hagu, na dama ma saura kaɗan. Ashe ranar waya ba laifin sabis ba ne. Duk Zuru ta ji ɗan akuyata, ban da mutum ɗaya da na hau dutse dominsa.

Mama ce ta ba shi labarin tokar, yadda ta ji daga bakin Samanja. Washegari da safe ya kira ni tsakar gida, ya zaunar da ni a kan turmi, ya wanke leɓen da ruwan ɗumi, ya lakato man kaɗanya da babban yatsa. Ya riƙe haɓata da hannu ɗaya.

"Kada ka yi magana. Ko ka yi ma ba ji zan yi ba."

Haka muka yi kowace safiya har hutunsa ya ƙare. Yatsansa kaushi gare shi kamar ɓawon itace, amma a hankali yake shafawa, yana ɓata fuska kamar shi ke jin zafin. Yana yi yana ba ni labari guntu-guntu: ruwan saman Saliyo da ba ya ɗaukewa, shinkafar da ta ishe shi, yadda yakan yi mafarkin tuwon dawa. Wani lokaci ya manta ya yi fiton nan na aski, ga shi kusa da fuskata. Ni ba halin amsawa, shi ba halin ji. Ban taɓa yin hira da ta kai wannan daɗi ba, kuma na yi karatu har jami'a ina neman irinta.

Ya koma kafin leɓen ya warke. A tasha ya leƙo ta tagar mota ya ce, "In na dawo ka busa mini. Ta wannan gefen," ya nuna kunnen dama.

Na bi dokar Samanja daga nan. Na karkaɗa leɓe kamar doki, na zauna in an ce a zauna, na sha ruwa har Ishaya ya fara kira na randa. Kanta ba ta taɓa fitowa ba, sauti kuwa ya fito. Amma kafin Baba ya dawo da takardar fansho, kunnen dama ya bi ɗan'uwansa. Na same shi a gona wata yamma, na tsaya ta gefen da ya nuna, na busa masa kiran gaisuwa, tsaf. Ya dube ni, ya miƙo hannu ya dafa bakin begilar na waje, inda sauti ke fita, ya ce in sake. Na sake. Ya gyaɗa kai.

"Tana rawa daidai," ya ce.

Yau Baba ba ya duniya. Hoton ya dawo ɗakina, a saman rediyon da ba ya aiki.

A makarantar da nake koyarwa an ɗora mini kula da 'yan badujala, don ba wanda ya yarda ya karɓa. Ina sa su hutu dole, ina bin su da bokitin ruwa, kuma duk wanda na kama yana busa wa ɗan'uwansa a kunne da sunan wasa, ranar sai ya ga ɓacin raina. Na san abin da suke faɗa a bayana, cewa tsufa ne, ina neman abokan zama. Abin da nake ƙara musu a kan na Samanja ɗaya ne: in ka ga tabo a jikin gwani, tambaye shi inda ya samo shi kafin ka je neman naka, don wataƙila keke ne.

Tsohuwar layinmu kuwa ban taɓa gyara mata labarinta ba. Man zafi ne ya fara hawayen nan, wannan ko a kotu zan rantse. Amma tururin man zafi ba ya kai mutum har gaban rumfa, kuma ni na san inda nawa ya ƙare.